Kan Injin Alhaji Gwadabe

Ana sallame sallar asuba a masallacin Sheshe labari ya iso cewa an fasa akwatin injin Alhaji Gwadabe. Kafin gari ya gama wayewa, har waɗanda ba su ko wanke ido ba sun san ɓarawon. Haka unguwar take, ba ta bari mutum ya sha wahalar bincike.

Injin nan kuwa ya daɗe a bakin mutane. Alhaji Gwadabe mai katako ne, gadon sana'ar ya yi, kuma ya gaji da sayen katakon da aka tsaga a kudu ana tsawwala masa. Sai ya sayar da filinsa na bayan gari ya yi odar injin tsaga daga Chaina, irin mai tayoyin nan da ake ɗaura wa mota a ja shi har daji, a ɗora gungume a kan dogonsa, zarto ya ratsa ya fitar da katako nan take. Wata da watanni injin yana kan ruwa, sannan ya yi zaman jiran kwastan a Legas har Alhaji ya rame. Jiya da yamma tirela ta sauke shi a bakin titi, majiya ƙarfi suka turo shi da ƙyar zuwa kangon da Alhaji yake ajiye katako. Aka ce ba za a buɗe akwatin ba sai da safe, in malamai sun yi addu'a.

Da safen sai aka tarar an ɓalle gefen akwatin. Dogo yana nan, tayoyi suna nan, zartuna suna nan a naɗe cikin takardarsu mai maiƙo. Kan injin ne babu, wato abin da yake juya zarton. In babu shi, Alhaji ya sayar da fili ya sayi gadon ƙarfe ke nan.

Wanda unguwa ta zaɓa a matsayin ɓarawo shi ne Mustapha, mai tsaga wa Alhaji katako. Kakanninsa sun zo Kano daga Borno tun ba a haifi kakan Alhaji ba, amma ranar aka tuna da hakan. Shi ya je Legas ya rako injin, shi aka bari ya kwana gadi, kuma da aka zo ba ya nan. Yana dawowa aka rufe shi da mari, aka ja shi gidan mai unguwa aka kulle a ɗakin soro. Alhaji ya rantse in aka yi la'asar bai ga kan injinsa ba, 'yan sanda zai miƙa wa Mustapha. Mai unguwa ya aika a kira Malam Ɗanjuma.

*

Malam Ɗanjuma tsohon mafarauci ne, gwiwa ta hana shi daji ya koma sayar da igiya a kasuwar Kurmi. Amma in akuya ta ɓata, ko an tura babur daga zaure, shi ake nema, domin ƙasa ba ta ɓoye masa abu. Mutum ne maras yawan magana, in kuma ya yi ta ba ya sa mata suga. Bai ko koma gida daga masallaci ba aka tare shi.

Ya tarar da kangon cike da mutane, kowa yana nuna wa ɗan'uwansa inda ɓarawo ya bi, yana tattake wurin da ƙafarsa.

"Ku da kuka riga kuka san ɓarawo, ku ja baya," in ji shi. "Ku bar ni da ƙasa, ni ban sani ba tukuna."

An yi ruwa mai ƙarfi cikin dare, ya ɗauke kafin asuba, don haka ƙasa ta yi laushi. Ɗanjuma ya durƙusa gefen akwatin. An zare ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya, ba a fasa katakon ba. Notunan da aka kwance kuwa an jera su a kan wani falle, manya gefe guda, ƙanana gefe guda. Ga wata waya mai kauri tana reto daga jikin ƙarfen, kusa da wani ɗan akwati mai maɓalli ja da kore. Baron kangon babu shi, ga sawun tayarsa ta nutse saboda nauyi, ga sawun silifa a bayanta, irin silifan da rabin Kano yake sawa.

"Alhaji, ɓarawo ba ya jera noti," ya ce. "Wanda ya yi wannan yana da niyyar ɗaurawa."

"Ya ɗaura a gidan ubansa," in ji Alhaji Gwadabe. Idonsa ya yi ja, hularsa a karkace. "Malam, filina ne fa aka ɗora a baro."

"Ina ake zuba masa mai?"

"A jikin kan da aka sace mana. Fetur yake sha, shi ya sa za a iya kai shi daji. Tambayi Hashim, shi ya yi odar."

Hashim ɗan ƙanin Alhaji ne, shi yake latsa waya ya yi magana da mutanen Chaina, domin Alhaji ko lambar waya sai an karanta masa. Shi ne kuma mijin Sa'adiyya, autar Malam Ɗanjuma. Yana can bayan mutane, kamar yadda suruki yake yi. Da ya ji an ambace shi ya rusuna daga nesa, kansa a ƙasa.

"Haka ne, Baba," ya ce.

Ɗanjuma bai ƙara tambayarsa ba. Ba a tsare suruki da tambaya a gaban jama'a. Ya bi sawun baron ya fita kangon, ya yi gabas da shi har mararrabar da lunguna suka haɗu. A nan ya ƙare. Masu kurar ruwa sun bi, awaki sun bi, masu zuwa kallon sata sun bi, wurin ya zama kamar inda aka kwaɓa ƙasar gini.

*

A ɗakin soron mai unguwa ya tarar da Mustapha zaune a kan buhu, kuncinsa a kumbure. A waje kuwa, jikin bango, mahaifiyarsa Ya Kaka ce zaune da carbi tun da aka kawo shi, ta ƙi shiga cikin gida ta ƙi shan ruwa.

"Me ya fitar da kai daga gurin gadi?" Ɗanjuma ya tambaya.

"Ɗakin tsohuwa ne, Malam. Azararsa ta ruɓe, tun bara nake cewa zan gyara. Da na ji ruwan ya yi ƙarfi na san in ban je ba zai faɗo mata. Na je na fito da ita da kayanta. Ka je ka gani, rabin rufin yana ƙasa."

"Ka kulle kangon?"

"Ƙyauren langa-langa ne, daga ciki ake sa masa sakata. In ka fita sai dai ka jawo shi."

"Wa ya ga fitarka?"

"Allah."

Ɗanjuma ya dubi ƙafarsa. Wani ƙaton takalmi ne mai igiya da ya sayo a Legas, taɓo ya bushe a jikinsa har idon sawu. Ba shi ne a kangon ba. Amma da ya fito ya faɗa wa Alhaji, sai Alhaji ya ce ai mutum yana iya canza takalmi. Wannan kuma gaskiya ce, Ɗanjuma bai musa ba.

*

Zuwa hantsi unguwa ta sami ɓarawo na biyu, don kada na farko ya yi kaɗaici. Wani ya tuna Mikail, mai katako a Jakara, ya taɓa cewa a teburin mai shayi injin Gwadabe ko tsinken sakace ba zai tsaga ba. Tunda sawu gabas ya yi, Jakara kuma gabas take, ai magana ta ƙare: Mustapha ya kwance, Mikail ya saya.

Ɗanjuma ya taka har rumfar Mikail. Ya same shi a kishingiɗe, ƙafarsa ɗaya ɗaure da karan ɗori, gungume ya faɗo masa tun makon jiya. Baronsa yana jingine, tayar a sace, ƙura ta rufe shi.

"Na faɗa, kuma ban janye ba," in ji Mikail. "Baƙin ciki nake yi masa, wannan kowa ya sani, har shi. Amma Malam, dubi ƙafar nan. Ko bayan gida sai an riƙe ni."

"In kai ne za ka saci wani abu a jikin injin nan, me za ka ɗauka?"

Mikail ya yi dariya har ɗorin ya motsa ya cije leɓe. "Zartuna mana. Su za ka sa a buhu ka sayar a ko'ina. Kan inji sabo fil, irin wanda babu kamarsa a Kano, wa zai saya bai tambaye ka daga ina ba? Wanda ya ɗauke shi ba sayarwa zai yi ba. Ko dai mugunta, ko dai akwai abin da ba ya so a gani."

Maganar ta zauna wa Ɗanjuma. Ya yi masa sannu ya fito.

*

Bai koma ta hanyar da ya zo ba. Ya bi gefen kwalta yana duba bakin kowane lungu da ya fito daga Sheshe, domin abin da ya shiga ta can dole ya fito ta nan. Rana ta take, taɓo ya fara bushewa, duk abin da aka taka ya tsaya da siffarsa. A bakin wani ɗan siririn lungu ya ga inda tayar baro ta hau kwalta ta bar jan layi, daga nan ta ɓace.

Lungun gidan Ɗanjuma ne da kansa. Ba a cika bin sa ba, saboda in an yi ruwa kwata takan cika ta malale tsakiyarsa, 'yan sintiri ma ba sa shiga. Wanda ya zaɓe shi ya san unguwa.

Ya bi sawun da baya. Ga taya, ga silifa. A tsakiyar lungun, inda taɓo ya fi zurfi, silifan ya nutse har ana ganin inda mai shi ya yi ta fizgo ƙafa, amma bai cire ba. Ya ci gaba. Da ya iso daidai ƙarshen katangar gidansa sai ya tsaya cak.

Ƙofar gidan Ɗanjuma tudu ce, shi da kansa ya zuba mata jar ƙasa don kada ruwa ya shiga zaure. Nan ne wuri mafi kyau a lungun duka. A nan ya ga inda aka ajiye baro, ƙafafunsa biyu sun huda ƙasa. Daga nan babu silifa. Tafin ƙafa ne tsirara, yatsu biyar a fili, yana tafe a bayan taya tun daga farkon katangar har ƙarshenta. Da katangar ta ƙare aka sake ajiye baron, silifa ya dawo.

Mutum yana tura kayan da ba nasa ba, cikin duhu, babu mai ganinsa, ya ratsa taɓo da takalmi, amma ya zo ƙofar wannan gida ya tsaya ya cire. Ba tunani ya yi ba, jikinsa ne ya saba. Maƙwabta ba sa yin haka, abokan Ɗanjuma ba sa yi. Mutum ɗaya ne yake yi, tun ranar da ya fara zuwa neman aure.

Ɗanjuma ya zauna a kan dakali. Ya ji baƙin ciki irin wanda bai ji ba tun rasuwar uwar yaran.

"Baba, kai ne?" Muryar Sa'adiyya ce daga cikin zaure. Ta zo goyon ciki, haihuwa yau ko gobe. Ta leƙo tana riƙe da ƙugu. "An gano kuwa?"

"Ana dai dubawa, Auta. Koma ciki."

Ta koma. Ya miƙe ya tsaya a kan sawun. Sharar ƙafa biyu ko uku ta isa ta goge shi, shi ke nan. Zai iya komawa ya ce sawu ya ɓace a kwalta, kuma ba ƙarya zai yi ba, a kwaltar ya ɓace. Ya ɗaga ƙafar ma. Sai ladan ya kira azahar, ya tuna la'asar ce take biye, ya tuna kuncin Mustapha da tsohuwar da take zaune jikin bango. Ya sauke ƙafarsa a gefe. Ya ɗauko tsohon daro a zaure ya kife a kan sawun, ya je ya kira mai unguwa shi kaɗai ya nuna masa. Mai unguwa ya duba, sannan ya ce, "Malam, ko in faɗa a madadinka?"

"Ni aka kira," in ji Ɗanjuma.

*

Kafin la'asar aka taru a zauren mai unguwa. Alhaji Gwadabe yana gefe yana duba agogo. An fito da Mustapha. An kawo Mikail a bayan babur, domin ya ce ba za a yi shari'arsa ba ya nan. Hashim yana bakin ƙofa a tsugune. Sauran jama'a sun cika waje, kowa da kunnensa.

Ɗanjuma ya faɗi abin da ya gani a kango, da abin da ya gani a rumfar Mikail, ya ce a cire sunan Mikail. Ya ce a cire na Mustapha.

"To wa ye?" in ji Alhaji.

"Yana cikin zauren nan. Na fi so ya faɗa da bakinsa."

Aka yi shiru. Ɗanjuma ya jira, ya ƙara jira, har mai unguwa ya yi gyaran murya. Babu wanda ya motsa. Wannan shirun ya fi sawun ƙona masa rai.

Sai ya ba da labarin lungun, da taɓon, da inda aka ajiye baro aka cire takalmi. Mai unguwa ya ce ya gani da idonsa.

"Wane irin ɓarawo ne yake cire takalmi a ƙofar gidan mutane?" in ji Mikail, ya fara dariya. Sai ya katse dariyar, don ya gane.

Tun da aka ɗaura auren nan Ɗanjuma bai taɓa kiran sunan surukinsa a gaban mutane ba. Sai dai ya ce yaron nan, ko mai gidan Auta.

"Hashim," ya ce. "Ina ka kai shi?"

Hashim ya kifa kai a gwiwa. Da ya yi magana, da ƙyar ake ji. Kan injin yana ɗakinsa na Jakara, an rufe shi da tabarma, ko ƙwarzane bai yi ba. Ya ce hotuna biyu mutanen suka turo masa, iri ɗaya a ido, ya zaɓi ɗaya. Jiya da yamma ya leƙa ta tsagar akwatin ya ga babu tanki, sai waya. Kan da ya zo na wutar lantarki ne, mai layi uku, irin na masana'anta. A daji kuwa babu ko fitilar titi. Ya kasa barci, ya fito yana zagaye, ya ga ƙyauren a buɗe babu mai gadi. Ya yi niyyar kai shi kasuwar Ƙofar Ruwa a musanya masa da na fetur ya zo ya ɗaura, kafin a buɗe a gaban malamai a ce shi ne ya jefa filin baffansa a ruwa.

"Kunya na ji, Baba," ya ce.

"Kuskuren hoto kowa yana iya yi," in ji Ɗanjuma. "Wannan da ka zo mini da shi, da ni zan raka ka gurin Alhaji. Amma kana tsaye aka mari bawan Allah nan. Kana gani aka kulle shi, uwarsa tana zaune a rana. Yanzu ma na ba ka dama ka yi shiru. Kunyar ba ta kai nan ba?"

Alhaji Gwadabe ya gyara hularsa. Muryarsa ta sauka ƙwarai. "To, tunda abin na gida ne, kuma kayan yana nan, ai sai a bar maganar 'yan sanda. Mustapha, ka yi haƙuri, gobe ka zo mu duba yadda za a yi da injin."

Mustapha ya miƙe, ya kaɗe wandonsa. "Shekara nawa ina tsaga maka katako, Alhaji? Ni ba na gida ba ne ashe." Bai ɗaga murya ba. "Ka nemi wani ya ja maka injin."

Mai unguwa ya ce ba za a tashi haka ba. Hashim zai shiga ɗakin da Mustapha ya fito, ya zauna har a dawo da kan injin, dattawan gidansu su zo su ba Ya Kaka haƙuri a gaban jama'ar da aka mari ɗanta. 

A waje Mustapha ya kama hannun mahaifiyarsa ya tashe ta. Ta tsaya a gaban Ɗanjuma, ta dube shi da kyau.

"Allah ya sauki 'yarka lafiya, Malam," ta ce. Suka wuce.

*

Labari ya riga shi zuwa gida, kamar kullum. Ya tarar da Sa'adiyya zaune a kan turmi a tsakar gida, idonta ya kumbura, amma ta daina kukan. Ya tsaya daga bakin zaure. Shi da ya tari kura a daji, ya rasa ta inda zai fara.

"Baba, an ce kai ka faɗi sunansa."

"Ni na faɗa."

"Babu wanda ya gani sai kai?"

"Babu, sai da na nuna."

 "Da wani ne ya faɗa, da na ce sharri aka yi masa," ta ce. "Har in mutu ina cewa haka."

Ta dafa bango ta miƙe, ta shiga madafa. Ya ji ƙarar murfi. Ta fito da kwanon tuwo ɗaure a cikin ƙyalle, ta miƙo masa da hannu biyu, ba ta dube shi ba.

"Bai ci komai ba tun jiya. Ni ba zan iya takawa ba, kuma ba na so a aiki ɗan maƙwabta ya je yana kallonsa."

Malam Ɗanjuma ya karɓi kwanon. Da zafinsa. Ya juya ya fita, ya kama hanyar gidan mai unguwa.